Abin da Alƙalin Ɗanɗano ke Nema a Kofin Laga Mai Ƙarfi ta Jamus

A tsarin Jamus, ba da yawan bugarwar da giya ke yi ake ba ta sunan mai ƙarfi ba. Abin da ake aunawa shi ne yawan sukari da sauran abubuwan da suka narke a cikin ruwan tsiron sha'ir tun kafin a zuba masa yis, awon da Jamusawa ke kira Stammwürze. Giyar yau da gobe tana tsakanin kashi 11 zuwa ƙasa da 16 cikin ɗari a wannan ma'auni, wadda ta kai 16 ta shiga ajin masu ƙarfi da ake kira Bock, wadda kuma ta kai 18 ita ce Doppelbock. Wannan layi na 16 shi ne mafarin wahalar duk wanda aka ɗora wa aikin yanke hukunci a kan laga mai ƙarfi, wato giyar da ake yi cikin sanyi, da aka cika wa hop, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, domin daga nan ne abubuwa biyu da ba su cika jituwa ba suke haɗuwa a kofi ɗaya: zaƙi mai nauyi na tsiro, da ɗaci mai kaifi na hop.

Na san mafi yawan masu karanta wannan sharhi ba sa kusantar giya, addini ya hana, kuma ba kiran kowa zuwa gare ta ake yi a nan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wata al'umma ta mayar da ɗanɗano, abin da kowa ke ɗauka son zuciya ne kawai, ya zama ilimi mai ƙa'ida da makaranta da jarrabawa, har irin waɗannan dabaru ake bi wajen tantance gahawa da ganyen shayi da zuma da lemukan tsiro marasa barasa da ke cike da shagunanmu. Akwai ma wata alaƙa ta kusa, domin tun da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun giya da na lemun tsiro suka koma sayen dawa, wadda akasarinta daga gonakin Arewa take fitowa.

Kalmar laga daga Jamusanci take, daga aikatau mai ma'anar ajiyewa. Ana yin ta da wani nau'in yis mai aiki cikin sanyi, tsakanin digiri 8 zuwa 12 a ma'aunin salshiyos, sannan a kwantar da ita makonni a sanyin da ya kusa daskarewa. Tarihi ne ya tilasta wannan hanya. A 1553 sarkin Bavariya da ke kudancin Jamus, Albrecht na Biyar, ya hana dafa giya da bazara, ya taƙaita aikin tsakanin 29 ga Satumba da 23 ga Afrilu, saboda haka masu sana'ar suka riƙa cusa gangunansu cikin koguna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu ƙanƙara don su kai su ƙarshen zafi. Yis ɗin da ya jure wannan sanyi shi ya wanzu, kuma sai a 1883 Emil Christian Hansen ya ware tsantsarsa a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kwapanhagan. Daga baya aka gano ruwa biyu ne, haɗin yis ɗin burodi da wani na daji da masana suka fara samu a dazukan Patagoniya, a kudancin Ajantina, suka bayyana shi a 2011. Amfanin sanin wannan ga alƙali shi ne, yis mai aiki cikin sanyi ba ya barin ƙamshin 'ya'yan itace ko na kanumfari kamar yadda yis ɗin zafi ke yi wa giyar alkama ko giyar Ingila. Aikinsa ya ci sukari ya janye jiki. Don haka masu sana'ar ke cewa laga ba ta da maɓoya, duk kuskuren da aka yi a tukunya ko a ganga yana zaune a fili.

Dokar tsarkin giya da aka kafa a garin Ingolstadt na Bavariya ranar 23 ga Afrilun 1516, zamanin sarki Wilhelm na Huɗu, ta ƙara ƙuntata filin, domin ta ce ba a saka komai sai sha'ir da hop da ruwa, ba ta ambaci yis ba tunda a lokacin ba a san shi a matsayin halitta ba. Har yau laga da aka dafa a Jamus don kasuwar Jamus ba ta karɓar masara ko shinkafa ko dawa ko ƙarin sukari. Mai dafa laga mai ƙarfi a wata ƙasa yana iya zuba sukari don ya ɗaga barasa ba tare da ya kaurara jikin giyar ba, amma Bajamushe ba shi da wannan mafita, dole duk ƙarfin ya fito daga tsiro, kuma tsiro mai yawa yana barin zaƙi mai yawa.

Asalin giya mai ƙarfi a wannan al'ada garin Einbeck ne da ke arewacin Jamus, wanda ya yi suna wajen fitar da giyarsa zuwa nesa tun zamanin ƙawancen biranen kasuwanci na Hansa. Sarakunan Bavariya sun gaji da kuɗin da suke kashewa wajen sayo ta, suka ɗauko wani gwani daga can mai suna Elias Pichler zuwa gidan giya na Hofbräuhaus da ke Munik, babban birnin Bavariya, inda aka fara fitar da irinta a 1614. Bakin mutanen Bavariya ya karya sunan Einbeck har ya koma Bock, wato bunsuru, shi ya sa ake yawan ganin hoton bunsuru a jikin kwalaben. Irin mai haske da ake fitarwa a watan Mayu, Maibock, ita ce kakar wadda muke magana a kai: launinta ruwan zinariya, barasarta tsakanin kashi 6 da ɗoriya zuwa 7 da ɗoriya, kuma ta fi sauran 'yan uwanta ɗaukar hop, sai dai duk da haka tsiro ne ke jan ragama.

Hop kuwa tsiro ne mai yaɗo, dangin tabar wiwi ne a rabe-raben masana tsirrai ko da yake ba ya bugarwa, yana hawa waya har kusan mita bakwai, kuma furen macen kawai ake so saboda wani gari rawaya mai danƙo da ke cikinsa. Yankin Hallertau da ke arewacin Munik shi ne mafi girman gonakin hop da ke haɗe wuri ɗaya a duniya. Idan aka jefa furen tun farkon tafasa ya daɗe a wuta, zafi yana juya wasu sinadaransa su zama ɗaci, ƙamshin kuwa ya bi tururi. Idan aka jefa shi a ƙarshe, ko a cikin ganga mai sanyi bayan an sauke, ƙamshin ne ke zama. Tsofaffin irin Jamus kamar Hallertauer Mittelfrüh da Tettnanger da Spalter ƙamshinsu a natse yake, na ciyawa da fure da ɗan kayan yaji. Sauyi ya zo daga Amurka, inda ƙananan gidajen dafa giya suka taso daga ƙarshen shekarun 1970 suna cika giyarsu da irin da ake kira Cascade mai ƙamshin lemo. Da kasuwa ta fara karkata can, cibiyar binciken hop ta Hüll, wadda aka kafa a 1926, ta fitar da sababbin iri a 2012, ciki har da Hüll Melon da Hallertau Blanc da Mandarina Bavaria, wanda shi kansa jinin Cascade ne. Da waɗannan ne matasan masu sana'ar a Jamus suka fara dafa abin da wasu ke kira Hopfenbock, wasu Imperial Pils, wasu India Pale Lager.

A nan ne matsalar take. Laga an san ta da rashin maɓoya, amma ƙarfi da hop labule biyu ne masu kauri. Zaƙin tsiro yana iya lulluɓe yis ɗin da bai gama aikinsa ba, ƙamshin hop mai tashi kuma yana iya danne warin da ya kamata hanci ya kama tun daga nesa. Alƙalin da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga abin da giyar ta fara nuna masa, yana ƙoƙarin ɗaga labulen ne ya ga ko akwai laga mai tsabta a baya. A ganina wannan tambaya ɗaya ta fi duk sauran nauyi: da za a cire rabin hop ɗin, abin da ya rage zai iya tsayawa da ƙafarsa?

Tsarin aikin kansa ba shi da wuyar bayani. Ana kawo kofuna masu lamba, babu suna babu kwalba, a ɗaki marar turare da hayaƙi, kuma giyar ba ta yi sanyin ƙanƙara ba domin sanyi mai tsanani yana kulle ƙamshi. Takardar BJCP, ƙungiyar tantance alƙalan giya ta Amurka, wadda aka kafa a 1985 kuma ake amfani da ita a ƙasashe da yawa, ta raba maki 50 kamar haka: 12 ga ƙamshi, 3 ga kamanni, 20 ga ɗanɗano, 5 ga yadda take ji a baki, 10 ga hukuncin gaba ɗaya. Maki uku kacal na kamanni suna nuna ido ba shi ne babba ba, ko da yake Bajamushe ba ya wasa da kumfa. Yana son ta fara, mai ƙananan ƙwayoyi, mai daɗewa, mai barin zane a jikin kofi, kuma a giya mai ƙarfi wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda barasa tana kashe kumfa.

Hanci ke fara aiki, kuma da sauri, domin wasu ƙamshin suna gudu cikin mintuna kaɗan. Masu koyon sana'ar, irin waɗanda makarantar Doemens da ke kusa da Munik ke horarwa, ana ɗiga musu sinadarai ɗaya bayan ɗaya a cikin giya marar laifi har sai kowanne ya zauna musu a ƙwaƙwalwa da sunansa, bisa taswirar ɗanɗano da Morten Meilgaard da abokan aikinsa suka tsara a ƙarshen shekarun 1970. Warin dafaffiyar masara yana nuna ba a tafasa ruwan tsiron da kyau ba ko an yi jinkirin sanyaya shi, ko da yake ana ɗaga ƙafa ga ɗan kaɗan a laga mai haske. Ƙamshin ɗanyen tuffa alamar gaggawa ce, an fitar da giyar kafin ta nuna. Zafin da ke hawa hanci kamar sinadarin narkar da fenti kuwa laifin giya mai ƙarfi ne musamman, yana fitowa idan yis ya yi kaɗan ga sukarin da aka ɗora masa ko ganga ta yi ɗumi.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne diyasetil, sinadarin da ke ba man shanu ƙamshinsa. A ƙwaryar nono abin so ne, a laga ta Jamus kuwa aibi ne, kuma hancin mutum yana kama shi ko da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na miligiram a lita ba. Yis ne ke haifar da shi a farkon aiki, shi ne kuma ke komawa ya shanye shi idan aka ba shi lokaci, don haka jin sa shaida ce cewa an yi rowar lokaci. Ƙaramin gida mai ganguna kaɗan kullum yana cikin jarrabawar ya fitar da kaya da wuri, kuma laga mai ƙarfi tana bukatar makonni fiye da ta yau da gobe. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, furen hop da aka jefa a ganga mai sanyi yana ɗauke da sinadaran da ke farfasa ragowar sitaci su mayar da shi sukari, sai yis ɗin da ya kwanta ya sake tashi, ya sake haifar da diyasetil, wani lokaci bayan an riga an rufe kwalba. Giyar da ta bar gida da tsabta tana iya isa teburin gasa da warin man shanu da iskar da ta wuce kima. Abin lura kuma, a ƙetaren iyaka, a ƙasar Cek, inda Josef Groll, mutumin Bavariya, ya dafa Pilsner ta farko, wato laga mai haske da ɗacin hop, a garin Plzeň a 1842, ana yarda da ɗan wannan ƙamshi a matsayin halin giyarsu. Abu ɗaya ne, a nan laifi a can ado, wanda ke nuna cewa alƙali ba da hancinsa kaɗai yake hukunci ba, da al'adar da aka ce ya auna da ita yake yi.

Idan aka zo baki, Hausa ta fi harsuna da yawa kayan aiki, domin mun raba ɗaci da bauri da maƙaƙi, kuma a kan wannan rabon ne hukuncin laga mai hop ya rataya. Ɗaci shi ne na shuwaka ko maɗaci, ɗanɗano ne, yana zuwa ya wuce. Bauri shi ne na ɗanyen goro ko shayin da ya daɗe a wuta, ba ɗanɗano ba ne, tattare baki yake yi ya busar da dasashi. Maƙaƙi kuwa shi ne kartar da ke tsayawa a maƙogwaro. Abin da ake nema ɗaci ne mai tsabta, wanda zai taso a tsakiyar kurɓi, ya yanke zaƙi, ya janye cikin ɗan lokaci. Bauri da maƙaƙi suna fitowa idan an cika ganyen hop har ya wuce kima, ko an bar shi ya daɗe a jiƙe, ko an matse ƙaiƙayin sha'ir da ruwan da ya yi zafi da yawa. Mai sha da bai ƙware ba yakan haɗa su duka ya ce giyar tana da hop sosai, har ya yaba, alhali alƙali yana rage maki.

Lambar ɗaci da ake bugawa a jikin kwalba, IBU, ba ta warware wannan ba, hasali ma takan ruɗar. Ɗaya a wannan ma'auni yana daidai da kusan miligiram ɗaya na sinadarin ɗacin hop a lita, awon ɗakin bincike ne, harshe ba ya ciki. Pils, wato Pilsner, mai Stammwürze 12 da lamba 35 za ta ji kaifi da bushewa, amma Bock mai 17 da wannan lamba ɗin za ta ji zaƙi, domin ragowar sukari ya shanye ɗacin, kamar yadda cokali uku na sukari ke ɓoye ƙarfin shayi. Ruwa ma yana da bakin magana. Ruwan Plzeň mai laushi yana barin ɗaci ya fito a hankali, ruwa mai gishirin salfet yana wasa shi ya yi kaifi, ruwan Munik mai farar ƙasa kuwa yana mayar da shi mai karta, kuma wannan na daga dalilan da suka sa birnin ya daɗe a kan giya mai duhu marar hop da yawa, har sai da gidan Spaten ya fitar da Helles mai haske a 1894. Saboda haka alƙali yana auna ɗaci ne da abin da ke gefensa, kuma mai sana'ar da ya ƙara hop don ya rufe zaƙin da yis ya kasa cinyewa ya haɗa nauyi biyu ne, giyar ta zama mai danƙo da ɗaci lokaci ɗaya.

Alƙalan giya suna haɗiyewa, saɓanin na ruwan inabi da ke tofarwa, domin rabin hukuncin yana zuwa ne bayan kurɓi ya wuce, a ƙamshin da ke komowa ta bayan hanci da abin da ya saura a harshe. Jamusawa suna da kalmar süffig ga giyar da ke wucewa sumul ba ta gundura, kuma a al'adarsu wannan yabo ne mafi girma, har ga mai ƙarfi. Ana son ɗumin barasa ya kasance a ƙirji a hankali, ba ƙuna a maƙogwaro ba. A nan ya kamata a faɗi abin da takardar maki ba ta faɗa: gwanintar da ake ba lambar zinariya ita ce ɓoye ƙarfi, wato giya mai kashi 7 da rabi ta ji kamar mai kashi 5, kuma wannan ne ya sa irin wannan giya ta fi kayar da masu shanta, tunda harshe ba ya gargaɗinsu.

Sai batun shekaru, wanda a hop ana lissafa shi da makonni. Ƙamshin hop shi ne farkon abin da iska ke cinyewa, daga nan warin jiƙaƙƙen kwali ya biyo baya, zaƙin ya koma kamar tsohuwar zuma. Haske kuma ya fi sauri, domin yana farfasa sinadarin ɗacin hop ya haifar da wari irin na bodari, abin da ya sa kwalba mai ruwan ƙasa ta fi koriya ko fara kariya. Ƙungiyar manoman Jamus, DLG, tana neman a kawo mata samfuri biyu na giya ɗaya, sabuwa da wadda ta ɗan daɗe a ajiye, don ta ga ko ɗanɗanon ya riƙe. Doppelbock mai duhu tana iya ƙara kyau da ajiya, amma mai hop ba ta da wannan gata duk da ƙarfinta, kuma hukuncin da aka yanke wa kwalbar da ta sha tafiya da zafi hukunci ne a kan hanya, ba a kan wanda ya dafa ta ba.

Gardamar da ba ta ƙare ba ita ce ta aji. Gasa irin su European Beer Star, da aka fara a 2004, da World Beer Cup, da aka fara a 1996, suna auna kowace giya da siffar ajin da aka shigar da ita. Idan aka shigar da laga mai ƙarfi mai hop a ajin Maibock, za a ce hop ya yi mata yawa. Idan aka kai ta ajin Pils, za a ce jikinta ya yi nauyi. Idan aka jera ta da giyar Amurka mai hop, za a ce ba ta da murya. Masu shirya gasa suna ƙara sababbin aji don cike giɓin, masu ra'ayin gargajiya kuma suna ganin ana lanƙwasa ma'auni ne don a faranta wa kasuwa, a ƙasar da shan giya ya sauka daga kusan lita 150 ga kowane mutum a shekara a tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙasa da lita 90 a 'yan shekarun nan. Ni dai ina ganin kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Aji ba wahayi ba ne, Pilsner kanta baƙuwa ce a 1842, amma kalmar laga alkawari ce na tsabta da haƙuri, kuma wanda ya sa ta a kwalbarsa ya yarda a kama shi da ita.

Akwai kuma rauni a jikin alƙalin kansa, wanda masu shirya gasa suka sani sarai. Ɗaci yana taruwa a harshe, barasa tana dusashe hanci, saboda haka kofi na goma ba ya samun adalcin da na farko ya samu, kuma a jerin giya masu hop wadda ta fi ihu ita ke tsayawa a rai, mai natsuwa ta ɓace a tsakani. Don rage wannan ne ake taƙaita yawan kofuna a zama ɗaya, ake zuba kurɓi kaɗan, ake ajiye ruwa da busasshen burodi marar gishiri, ake sa kowane alƙali ya rubuta nasa kafin a buɗe baki a tattauna, kuma idan makin mutum biyu ya yi nisa da juna ake sa su koma kan kofin. Alƙalan da suka daɗe a aikin sukan bar ragowar kowane kofi a gabansu har ya huce, su dawo masa bayan kwata ɗin awa, lokacin da ƙamshin lemon ya tashi ya tafi, sanyi ya daina rufa asiri, abin da ya rage a ƙasan kofin kuma shi ne tsiro da aikin yis.